Ƙwaro mai dogon baki na dajin oak: yadda ake gane shi da yadda yake rayuwa

A dazuzzukan Turai inda bishiyar oak ta yi yawa, akwai wani ɗan ƙwaro wanda tsawon jikinsa bai cika wuce milimita 4 zuwa 7 ba, launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya-rawaya, kuma idan ya lafe a jikin reshe ba kowa ne zai iya bambanta shi da busasshen toho ba. Abin da ke tona masa asiri shi ne bakinsa, wanda ya miƙe siriri daga gaban kansa ya ɗan lanƙwashe ƙasa, har a wajen mace yakan kusan kai tsawon jikinta gaba ɗaya. Masana suna kiransa Curculio glandium, sunan da masanin ƙwari ɗan Ingila Thomas Marsham ya raɗa masa a shekarar 1802. Na daɗe ina bibiyar wannan ƙwaro da danginsa, kuma abin da na tsaya a kai shi ne, kallon jikinsa kaɗai ba ya isar mai son sanin ko wane ne shi. Dole ne a haɗa da bishiyar da aka same shi a kai, da watan da aka gan shi, da aikin da aka tarar yana yi, domin kowace gaɓa ta jikinsa tana da alaƙa da ƙwallon oak, wato ɗan da bishiyar take haifa, wanda yake hudawa.

Kafin a kai ga sunan nau'insa, sai an fara tabbatar da babban gidan da ya fito. Ƙwari masu taurin baya, waɗanda buzuzu ma yana cikinsu, ana gane su da fukafukan sama guda biyu masu tauri da suka rufe bayansu, suka haɗu a kan layi ɗaya miƙaƙƙe a tsakiya, fukafukan tashi kuma suna naɗe a ƙarƙashinsu. Idan an ga wannan layin, sai a koma kan bakin. Mutane da yawa suna ɗaukar sa a matsayin allurar tsotsa ko ta harbi, shi ya sa suke ja da baya idan ƙwaron ya hau hannunsu, alhali kuwa gaban kansa ne kawai ya yi tsawo, kuma a can ƙarshensa akwai wasu 'yan ƙananan muƙamuƙai da yake taunawa da su. Ba shi da dafi, ba ya kuma cizon mutum. Ƙwarin da suke tsotsar ruwan tsiro da gaske, wato dangin kuɗin cizo, nasu bakin yana da gaɓoɓi, a naɗe yake a ƙarƙashin ƙirji idan ba a aiki da shi, kuma ƙahonninsu na shinshina da laluben hanya daga kai suke fitowa.

A wajen ƙwaronmu kuwa, waɗannan ƙahonnin a jikin dogon bakin suke, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma wannan ita ce alamar da na fi amincewa da ita. Kowane ƙaho yana farawa da doguwar gaɓa guda ɗaya, sai ya karye ya yi gwiwa, sai jerin ƙananan gaɓoɓi su biyo, a ƙarshe kuma ya ɗan kumbura ya yi kai. A gefen bakin akwai wani siririn kwari wanda doguwar gaɓar take kwanciya a ciki, ta yadda idan ƙwaron ya cusa bakinsa cikin wani abu, ƙahon ba zai tokare shi ba. Duk wanda ya ga ƙaho mai gwiwa da kumburarren kai a jikin dogon baki, to yana gaban ɗan gidan Curculionidae ke nan, ɗaya daga cikin manyan gidajen dabbobi a duniya, wanda nau'o'insa da aka riga aka ba suna sun haura 50,000. A Birtaniya kaɗai, idan aka haɗa wannan gida da makusantansa, ana da nau'i kusan 600.

Wannan yawan ne ya sa sanin gida bai kai mutum ko'ina ba tukuna. A bishiyar oak guda ɗaya ana iya samun 'yan gidan da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai masu gajeren baki mai faɗi, irin su Phyllobius da Polydrusus, waɗanda da yawansu kore ne shar mai ƙyalli, manyansu suna gatsar gefen ganye, tsutsotsinsu kuma suna cin saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Akwai Orchestes, 'yan mitsi-mitsi masu kaurin cinyar baya da ke tsalle idan an taɓa su, tsutsarsu tana rayuwa a tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa. Akwai kuma ja-jawur Attelabus nitens, wanda yake yanka ganyen oak ya naɗe shi ya saka ƙwai a ciki, amma shi ƙahonsa miƙaƙƙe ne babu gwiwa, kuma an ware shi a wani gida dabam. Hatta ƙwarin da ke haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ɓawon itace, waɗanda kusan ba su da dogon baki sam, masana a yau sun mayar da su cikin gidan Curculionidae.

Jinsin Curculio, wato rukunin nau'o'i makusantan juna a cikin wannan gida, wanda Carl Linnaeus ya kafa sunansa a shekarar 1758, yana da sauƙin fitarwa daga cikin wannan taro. Jikin yana da faɗi a kafaɗa, yana tsukewa zuwa baya, ƙafafun dogaye ne, kuma a ƙasan kowace cinya akwai ɗan haƙori mai tsini da ake iya gani da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Launin da ido yake gani na wasu 'yan ƙananan ɓawo ne masu kama da gashi da suka lulluɓe jikin, kuma suna gogewa yayin da ƙwaron yake tsufa, saboda haka tsohon ƙwaro yakan fi sabo duhu, har ya yi sanƙo a wasu wurare. Shi ya sa ban yarda a dogara da launi ba wajen yanke hukunci. Bambanta mace da namiji kuma a bakin ake yin sa: na mace ya fi tsawo nesa ba kusa ba, ƙahonninta suna manne kusa da gindin bakin, na namiji kuwa ya fi gajarta, ƙahonninsa suna wajen tsakiya. Wanda bai san wannan ba yana iya ganin mace da namiji na nau'i ɗaya ya ɗauka nau'i biyu ne.

Wahalar gaske tana tsakanin 'yan uwan juna na kusa. Curculio nucum yana kama da glandium ƙwarai, sai dai shi a 'ya'yan bishiyar hazel yake renon tsutsarsa, gaɓoɓin ƙahonsa sun fi kauri da yawan gashi, kuma yana da jerin gashi a tsaye a kan layin tsakiyar baya wajen ƙarshe. Curculio venosus shi ma ƙwallon oak yake hudawa, kuma ana duba ɗan ƙaramin allon da ke tsakanin kafaɗunsa, wanda ya fi tsawo da tsukewa. Curculio villosus ya fi su duhu, kuma maimakon ƙwallo, yana saka ƙwansa ne a cikin ƙullutun da wani ƙaramin zanzaro yake sa bishiyar oak ta fitar. A kudancin Turai kuma akwai Curculio elephas, wanda ke shiga 'ya'yan chestnut da na oak. A nan ne bishiya take zama rabin shaida. Macen da aka tarar tana huda ɗanyen ƙwallon oak a watan Agusta ta riga ta rage yawan sunayen da za a yi zato, amma wadda aka kakkaɓo daga wani reshe a watan Mayu ba ta faɗi komai ba tukuna, domin a wannan lokacin manyan ƙwarin suna yawo a bishiyoyi dabam-dabam suna cin toho da sabon ganye, kuma a dajin da oak da hazel suke girma kafaɗa da kafaɗa, ƙwaron wannan yana iya sauka a kan waccan.

Game da hoto, ina da ra'ayi mai ƙarfi. Manhajojin waya irin su iNaturalist suna da amfani sosai, kuma sau da yawa suna kai mutum har ga jinsin Curculio daga hoto ɗaya, amma daga nan zuwa sunan nau'i akwai tazara da hoton da aka ɗauka daga nesa ba zai cike ba. Ana bukatar hoto daga sama wanda ya nuna allon kafaɗa da layin baya, da hoto daga gefe wanda ya nuna lanƙwasar baki da inda ƙaho ya manne, da wani abu na awo a kusa, sannan a rubuta sunan bishiyar da kwanan wata. Idan waɗannan ba su samu ba, rubuta sunan jinsi kaɗai ya fi gaskiya, kuma ya fi amfani ga masu tattara bayanan yaɗuwar ƙwari, domin suna ɗaya na kuskure da aka shigar da tabbaci yakan daɗe yana ɓatar da na baya.

Samun ƙwaron ma kansa yana koya wa mutum wani abu daga halinsa. Idan inuwa ta gifta ta kansa ko reshen ya girgiza, ba ya gudu, kuma ba kasafai yake tashi nan take ba duk da cewa yana da fukafukai masu aiki. Sai ya naɗe ƙafafunsa, ya saki reshen, ya faɗo cikin busassun ganyayen da ke ƙasa ya yi lamo kamar matacce, kuma a cikin wannan tarkacen kusan ba zai yiwu a sake ganin sa ba. Tsuntsun da ke farauta da ganin motsi ya yi asarar sa ke nan. Masu nazarin ƙwari sun mayar da wannan dabara abin amfaninsu: suna shimfiɗa farin ƙyalle ko su riƙe buɗaɗɗiyar lema a juye a ƙarƙashin reshe, su bugi reshen da sanda sau ɗaya ko biyu, sai su tsaya suna kallon abin da ya zubo. Da farko babu abin da ake gani sai ɓaraguzan ɓawo da gizo-gizo masu gudu, amma idan aka yi haƙuri na ɗan lokaci, sai wani abu da aka ɗauka tsinke ne ya miƙa ƙafafu ya fara tafiya. Bayan an gama dubawa, a mayar da shi kan bishiyar da ya fito.

Aikin da ya sa bakin mace ya yi wannan tsawo yana farawa ne daga tsakiyar lokacin zafi na Turai zuwa farkon kaka, sa'ad da ƙwallon oak ya girma amma yana nan kore, ɓawonsa bai gama tauri ba. Macen takan zagaya ƙwallon tana taɓa shi da ƙahonninta, sannan ta zaɓi wuri, sau da yawa a jikin ɗan ƙoƙon da ke riƙe da ƙwallon ko kusa da bakinsa. Sai ta miƙe a kan dogayen ƙafafunta, ta sunkuyar da bakin har ƙarshensa ya taɓa ɓawon, ta fara gatsa. Muƙamuƙan Curculio suna da wani abin mamaki, domin na yawancin ƙwari daga gefe zuwa gefe suke haɗuwa, nasu kuwa sama da ƙasa suke motsi. Kanta zagayayye ne, yana juyawa a cikin gaban ƙirjinta, kuma tana karkata shi dama da hagu, wani lokaci ma ta riƙa zagaya ramin da dukan jikinta, kamar yadda kafinta yake murza abin huda katako. Aikin yana iya ɗaukar sa'o'i. A hankali bakin yake nutsewa, ƙahonnin suna kwantawa baya, har sai ta kai ga naman ƙwallon.

Ba da bakin take saka ƙwan ba, ko da yake mutane da dama suna zaton haka. Idan ramin ya kammala, sai ta zare bakin, ta juya, ta daidaita ƙarshen cikinta da ramin, ta zura wata siririyar gaɓa da take miƙewa daga jikinta, ta ajiye ƙwan a can ciki. Ramin ƙarami ne ƙwarai, kuma daga baya yakan toshe ya bar ɗan ɗigo baƙi kawai, shi ya sa ƙwallon da ke ɗauke da tsutsa yakan yi kama da lafiyayye daga waje. Wani lokaci ƙwallo ɗaya yana ɗaukar tsutsa fiye da ɗaya. Ba kowane rami ne kuma yake da ƙwai ba, domin mace da namiji duka suna huda ƙwallo don ci kawai.

Tsutsar fara ce, mai ƙiba, a lanƙwashe take, kanta ruwan ƙasa ne mai tauri, kuma ba ta da ƙafa ko ɗaya, tunda tana kwance ne a tsakiyar abincinta. Rashin ƙafar nan alama ce mai muhimmanci, domin akwai wata tsutsar da ake yawan samu a cikin ƙwallon oak, ta ƙaramin malam-buɗe-littafin dare mai suna Cydia splendana, wadda take da ƙafafu, ta fi siriri, kuma tana tafiya da sauri idan an fasa ƙwallon. Tsutsar ƙwaronmu tana cin naman ƙwallon na makonni, kuma ƙwallon da ta shiga yakan riga lafiyayyu faɗowa. Bayan ya faɗi ƙasa, ita kuma ta ƙoshi, sai ta gatsa rami zagayayye a jikin ɓawon, daidai faɗin kanta. Jikinta ya fi ramin kauri sosai, saboda haka sai ta fitar da kan, ta riƙa matse sauran jikin gaɓa bayan gaɓa har ta fito gaba ɗaya. Waɗannan ramukan masu kyawun zagaye da ake gani a jikin ƙwallayen oak a ƙasan daji a watan Oktoba, ƙofar fita ce, kuma mai gidan ta riga ta tafi.

Daga fitowarta ba ta ɓata lokaci, domin wannan ne lokacin da ta fi zama cikin haɗari daga tsuntsaye da ɓeraye da jaɓa da manyan ƙwari masu farauta a ƙasa. Tana nutsewa cikin ƙasa, ta murza jikinta har ta yi wa kanta ɗan ɗaki mai santsin bango, ta kwanta a ciki ta wuce lokacin sanyi. A cikin wannan ɗakin ne za ta sauya kama ta zama cikakken ƙwaro. Sai dai ba dukan tsutsotsin shekara ɗaya ne suke fitowa tare ba. Wasu suna fitowa a shekara mai zuwa, wasu kuwa suna ƙara shekara ɗaya ko fiye a ƙarƙashin ƙasa.

Wannan jinkiri shi ne abin da ya fi burge ni a rayuwar ƙwaron, kuma ba a fahimtar sa sai an dubi halin bishiyar. Oak ba ta ba da 'ya'ya daidai wa daida kowace shekara. Takan yi shekaru tana ba da kaɗan, sannan a wata shekara bishiyoyin yanki guda su zubar da 'ya'ya birjik a lokaci ɗaya. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, a shekarun ƙaranci masu cin ƙwallon suna raguwa saboda yunwa, a shekarar yalwa kuma 'ya'yan sun fi ƙarfin cinsu, sai da yawa su tsira su tsiro. A shekarar ƙaranci ƙwarin suna iya lalata mafi yawan ɗan abin da bishiyar ta haifa, a shekarar yalwa kuwa kasonsu yakan ragu. Uwar da dukan 'ya'yanta suka fito a shekarar da babu ƙwallo, zuriyarta ta yanke. Wadda 'ya'yanta suka rarrabu a kan shekaru biyu ko uku, da wuya dukansu su faɗa a mummunar shekara.

Saboda wannan ne ba na jin daɗin yadda ake saurin kiran sa maɓarnaci. Gaskiya ne mai tattara ƙwallon oak don shuka yana asara a hannunsa, shi ya sa masu renon bishiyoyi suke zuba ƙwallayen a ruwa su yar da waɗanda suka taso sama, tunda wanda tsutsa ta cinye cikinsa ya fi sauƙi, ko da yake gwajin ba ya kama duka. Gaskiya ne kuma Curculio nucum yana jawo asara a gonakin hazel, ciki har da na Turkiyya, ƙasar da ta fi kowace noman wannan ɗan itace. Amma a cikin daji, ƙwaron ba ya cutar da lafiyar bishiyar, ganye kaɗan yake ci, tsutsarsa kuma abinci ce ga dabbobi da yawa. Hasali ma, babban ƙwallo yana iya tsira ya tsiro ko da tsutsa ta ci wani sashe nasa, muddin ba ta kai ga ɗan tsiron da ke wajen tsininsa ba. An lura a Amurka ta Arewa cewa kurege mai launin toka yakan cinye ƙwallon da ke da tsutsa nan take, har da tsutsar, ya binne lafiyayyun don gaba, kuma daga cikin waɗanda ya binne ya manta ne sababbin bishiyoyi suke fitowa.

Wanda yake shakkar cewa ɗan itace ne yake tsara tsawon bakin, ya dubi wani ɗan uwansa na Japan, Curculio camelliae, wanda ke saka ƙwai a cikin irin bishiyar camellia. Binciken da Hirokazu Toju da Teiji Sota suka wallafa a shekarar 2006 ya nuna cewa a yankunan da ɓawon 'ya'yan bishiyar ya fi kauri, bakin matan ƙwarin ya fi tsawo, kuma a kudancin ƙasar, musamman a tsibirin Yakushima, ɓawon da bakin duka sun kai wani girma na ban mamaki, har bakin ya zarce tsawon jikin ƙwaron sosai. Bishiyar da ɓawonta ya fi kauri tana tsirar da irinta, macen da bakinta ya fi tsawo tana kaiwa ga irin, kuma haka abin yake ta tafiya tsara bayan tsara.

Ga mai son ganin wannan rayuwa da idonsa, hanya mafi sauƙi ita ce tattara ƙwallayen oak da suka faɗo da wuri a watan Satumba, waɗanda ba su da ramin fita, a zuba su a kan raga a saman mazubi. Cikin kwanaki ko makonni kaɗan tsutsotsi za su fara faɗowa. Da yake tsutsotsin nau'o'in Curculio suna kama da juna ƙwarai, kuma glandium da venosus suna iya zama a bishiya ɗaya, ba a iya ba su suna da ido a wannan mataki, sai an jira babban ya fito. A sa su a tukunyar shuka mai zurfi da ƙasa mai ɗan danshi, a rufe bakinta da ƙasanta da raga mai ƙananan ido don kada ɓera ya shiga ko ƙwaron ya fice, a ajiye ta a waje cikin inuwa inda sanyin hunturu zai same ta, a kuma manna takarda mai sunan bishiyar da wurin da ranar da aka tattara. Idan shekara ta zagayo babu abin da ya fito, kada a zubar da ƙasar, a ci gaba da yayyafa mata ruwa a bar ta ta ƙara shekara guda ko biyu.